Waiwaye: Yadda Duwatsun Roubaix Suka Zama Alƙalan Tseren Keke

A watan Afrilu ake yin tseren keke na Paris-Roubaix, daga garin Compiègne zuwa Roubaix da ke kusa da iyakar Faransa da Beljiyam, tafiyar kusan kilomita 260. Kimanin 55 daga ciki ba kwalta ba ce, tsofaffin hanyoyin gona ne da aka daɓe da curin duwatsu.

A 1896 da aka fara tseren, Bajamushe Josef Fischer ya lashe, babu wanda ya je neman duwatsu, saboda dama haka hanyoyin suke. Laƙabin "Jahannamar Arewa" da ake yi wa tseren ma ba daga duwatsun ya samo asali ba, daga kufan da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bari ne, wanda aka ratsa a 1919.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai hukumomin garuruwa suka dinga malala kwalta, har ya zamana a 1965 duwatsun da suka rage ba su wuce kilomita 22 ba. Tseren ya fara rasa armashi. Masu shiryawa suka ɗora wa Albert Bouvet aikin zaƙulo tsofaffin hanyoyi, Jean Stablinski kuma, zakaran duniya na 1962 wanda ya taɓa aikin haƙar kwal a yankin, ya nuna masa wata hanya da ta keta dajin Arenberg. Aka saka ta a 1968. Wato wahalar da ake gani yau da gangan aka dawo da ita.

A kan kwalta mai wayo yakan laɓe a bayan wasu, su tare masa iska, ya adana ƙarfinsa. A kan duwatsu wannan dabara takan zama tarko. Hanyar ƙunci gare ta, wurin da ya fi biyuwa shi ne doron tsakiya, kuma da zarar na gaba ya faɗi ko tayarsa ta fashe, na baya duk sun maƙale. Shi ya sa kafin kowane zangon duwatsu, kuma sun kai talatin, ake kokawar shiga sahun gaba kamar ƙarshen tsere ya zo. A nan ƙarfi ke zurarewa. Ga jijjiga da ke sa tafin hannu ya yi bororo, gorar ruwa ta yi tsalle ta bar keke, mutum ba shi da halin sakin kan keke ya kai loma baki sai ya koma kwalta. A Arenberg ɗin nan Johan Museeuw ya fasa ƙoƙon gwiwa a 1998, saura ƙiris a yanke ƙafar.

A ganina babu wanda ya karanci lissafin nan kamar Mathew Hayman ɗan Ostireliya a 2016. Makonni shida kafin tseren ya karye a hannu. Ya bi 'yan sahun farko da suka ɓalle tun da wuri, ya huta da turereniya, ya ratsa duwatsun a natse yayin da manya ke cinye juna a baya. Da suka cim masa, sauran ƙarfinsa ya fi nasu, ya doke Tom Boonen, mai kambu huɗu, a filin tseren Roubaix.

Yanzu tayoyi sun ƙara faɗi, ana rage musu iska, gudu ya ƙaru, farmaki kuma tun daga nesa ake kai shi. A 2024 Mathieu van der Poel ya ɓalle shi kaɗai saura kusan kilomita 60. A 2025 shi da Tadej Pogačar suka rage a gaba, sai Pogačar ya shiga wata kwana da gudun da ya wuce kima, saura kusan kilomita 38, ya faɗi. Ya tashi ya bi, amma na biyu ya zo, Van der Poel ya ɗaga dutsen da ake ba zakara karo na uku a jere.