Waiwaye: Malam-buɗe-littafin da ya maƙale a ƙololuwar duwatsun Kolorado

A shekarar 1978 wani matashi mai nazarin ƙwari, Larry Gall, ya ci karo da wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi a kan dutsen Uncompahgre da ke jihar Kolorado ta Amurka, dutsen da tsayinsa ya haura mita 4,300. Faɗin fikafikansa kamar inci ɗaya ne, launinsa ƙasa-ƙasa mai ɗan ruwan lemo. Ba abin da za a tsaya kallo ba ne. Amma babu littafin da ya taɓa ambatonsa, don haka a 1980 Gall da Felix Sperling suka raɗa masa suna Boloria acrocnema.

Rayuwarsa duk a takure take. Tsutsarsa ganyen wani ɗan tsiro kawai take ci, wanda ke shimfiɗe a ƙasa a gangaren da ke fuskantar arewa maso gabas, inda dusar ƙanƙara ke daɗewa ba ta narke ba. Damina ɗaya ba ta isar ta girma, saboda lokacin ɗumi a can gajere ne, sai ta yi hunturu biyu ƙarƙashin ƙanƙara, ta ɗauki shekara biyu kafin ta zama mai fiffike. Idan ta fito a watan Yuli, 'yan makonni ne nata a duniya. Ba ta tashi nesa, ƙasa-ƙasa take bi. Masana na ganin ragowar zamanin ƙanƙara ce, wato zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe manyan sassan duniya: da sanyi ya ja baya zuwa arewa, danginta na kusa suka bi shi, ita kuwa ta hau sama ta zauna.

Sunan da aka ba shi ne ya fara ja masa masifa. Masu tara ƙwari don ado da cinikayya suka yi ca a kansa, tunda abin da ba kowa ke da shi ba shi ke tsada. Ga tumakin kiwo da masu hawan dutse suna tattake tsiron da yake rayuwa a kai. An gano mazauni na biyu a dutsen Redcloud a 1982, amma hakan bai kwantar da hankalin kowa ba. A 1991 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, aka hana kama shi, aka taƙaita kiwo a wuraren. Har a 1994 wasu masana sun riga sun fara yi masa ta'aziyya.

Ashe da sauran kwana. Da aka tsananta bincike a duwatsun San Juan, wato jerin duwatsun da Uncompahgre da Redcloud ke ciki, sai aka samu wasu ƙananan mazaunai, kuma hukumomi ba sa bayyana ainihin inda suke, don gudun masu kama shi da raga.

Mai raga da tunkiya dai doka ta iya da su. Ɗumamar yanayi ce matsalar da ta saura. Sauran halittun dutse kan ƙara hawa sama idan zafi ya matso, shi kuwa wannan ya riga ya kusa kai ƙololuwa, kuma tsiron da tsutsarsa ke ci yana tsayawa ne inda ƙanƙara ke kwana.