Tara Ƙananan Sojojin Tarihi na Rezin: Tambayoyi da Amsoshi

Wai mene ne wannan abin?

Ƙananan siffofi ne na mayaƙan da suka shuɗe, kamar sojan Rum, ko barden Napoleon a yaƙin Waterloo na 1815, waɗanda ake yi da rezin, wani sinadari mai ruwa-ruwa da ke daskarewa ya yi tauri. Suna zuwa a kwali gunduwa-gunduwa, kai daban, hannu daban, takobi daban, babu fenti ko ɗigo. Mai saye shi zai haɗa, shi zai shafa launi. An fi yin su a tsawon milimita 54, 75, 90 ko 120. Cikin kamfanonin da suka yi suna akwai Pegaso Models a Italiya, da Andrea Miniatures a Sifaniya, da Young Miniatures a Koriya ta Kudu.

Me ya sa rezin ya fi roba tsada?

Robar da kamfanoni irin su Tamiya ko Airfix ke yi, a mazubin ƙarfe ake matsa ta, ana fitar da dubbai. Shi rezin ruwa biyu ne ake gaurayawa, a zuba da hannu a mazubin silikon mai laushi, wanda ba ya daɗewa yake lalacewa. Amma laushin nan ne ke fito da tamojin goshi, da ɗinkin riga, har da silin gashin gemu. A ganina kuɗin bai tafi a banza ba.

Na buɗe kwali, da me zan fara?

Da wanka. Ana shafa wa mazubi wani mai don kada zubin ya manne, kuma man nan yana hana fenti kamawa. A sa ruwan ɗumi da sabulu, a goge da tsohon buroshin haƙori. Sai a yanke ragowar zubi, a goge da samfefa. A nan fa a kula: ƙurar rezin tana cutar da huhu, don haka a jiƙa samfefar, a sa takunkumi. Mashin da ya lanƙwashe kada a miƙe shi da ƙarfi, karyewa zai yi. A tsoma shi a ruwan zafi, a daidaita, a tsoma a ruwan sanyi. Gam ɗin roba ba ya kama rezin, sai supa gulu. In gaɓar mai nauyi ce, kamar ƙafar doki, a huda ɓangarorin biyu a zura guntuwar waya kafin a manne. Ramukan kumfa kuma a cike su da Milliput, wani kwaɓi da ke bushewa ya yi tauri.

To ina tarihin yake?

A fentin yake, kuma nan ne daɗin abin. Ɗauki yaƙin Isandlwana na 22 ga Janairu, 1879, a Afirka ta Kudu ta yau, inda Zulu suka ragargaza rundunar Ingila. Sojan Ingila jar riga gare shi da farar hular kwano, amma a fagen fama sukan rina hular da shayi don kada ta riƙa ƙyalli daga nesa. Wanda ya bar ta fara fat ya yi sojan fareti ne. Garkuwar Zulu ma ba a shafa mata launi da ka: ta manyan dakaru fari ya fi yawa, ta samari baƙi. Mutum kan shafe mako yana karatu kafin buroshi ya taɓa fenti.

Ya batun addini?

Tambaya ce mai nauyi. Mafi yawan malaman Musulunci sun haramta sassaƙa cikakkiyar surar mai rai, duk da an yi sassauci a kayan wasan yara. A tambayi malamin da aka amince da shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, akwai jiragen ruwa, da igwa, da tankokin yaƙi, su ma ana haɗa su.

A ina zan ajiye?

Cikin kabad mai gilashi, nesa da taga. Zafin rana na lanƙwasa takobi, ƙurar hunturu kuma in ta shiga lungun riga, fitar da ita sai da buroshi mai laushi.