Sukur: Amsar Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa Kan Tarihin Garin Kan Dutse

Tambayoyin da ake yi kan Sukur ba sa canjawa, kuma rabinsu daga saƙonnin WhatsApp suke fitowa, masu cewa garin ya shekara dubu kaza. Ga amsoshin a wuri guda. Mai niyyar sake tambaya, don Allah ya fara karanta wannan.

Ina ne Sukur?

Ƙaramar Hukumar Madagali, Jihar Adamawa, a kan tsaunukan Mandara, dab da iyakar Kamaru. Tsayin wurin ya ɗan haura mita 1,000. Da ƙafa ake hawa, ta hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu.

Hausawa ne ko Fulani?

Ko ɗaya. Harshensu Sakun, daga reshen Biu-Mandara na harsunan Chadi. Dangin Hausa ne na nesa, amma Bahaushe ba zai ji abin da suke faɗa ba.

An ce garin ya fi shekara dubu uku. Haka ne?

Abubuwa uku ake cakuɗawa, a daina. Na farko, zaman mutane a yankin: wannan tsoho ne ƙwarai. A filayen Borno da ke arewa, mutanen Gajiganna suna zaune tun wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a gindin tsaunukan Mandara an san aikin ƙarfe ƙarnoni kafin haihuwarsa. Na biyu, gine-ginen dutse a kan tsaunukan: wuraren da ake kira Diy-Gid-Biy a ɓangaren Kamaru, guda 16, an sa su tsakanin ƙarni na 12 da na 17. Na uku, sarautar Hidi, wato sarkin Sukur, ta gidan Dur, wadda ta mai da Sukur cibiyar ƙarfe: wannan ana danganta ta da ƙarni na 17. Wanda ya ɗauki shekarun na farko ya liƙa wa na uku, ya yi ƙarya ko da bai yi niyya ba. Kuma Sukur ba ta bukatar ƙarin gishiri. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ita ce ta farko a Najeriya, shekara shida kafin dajin Osun na Osogbo.

Da gaske wasu ƙatti ne suka gina gidan Hidi cikin dare ɗaya?

Haka labarin gargajiyarsu ya zo, kuma nasu ne, a girmama shi. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne masu cewa wai baƙi ne daga ƙetare suka yi aikin. Dutsen wurin ne, jere bisa jere ba siminti, kuma har gobe manoman Sukur suna ɗaga katangar gona da irin wannan hannun.

To ta yaya ake gane shekarun katangar dutse ko murhun tama?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Dutse kansa ba ya faɗin ranar da aka ɗora shi. Abin da ake aunawa shi ne abin da ya taɓa rayuwa ya mutu kusa da shi: gawayi, ƙashi, ƙwayar dawa da ta ƙone. Sinadarin kabon-14 da ke jikinsu yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5,730, kuma injinan yanzu ƙwayar hatsi ɗaya ta ishe su. Sai dai akwai tarko iri-iri.

Na farko, inda aka samo samfurin. Gawayin da ke ƙarƙashin dutsen tushe, a ƙasar da ba a taɓa motsawa ba, yana nuna cewa katangar ba ta girme shi ba. Wanda ya taru a jikin katanga daga baya yana nuna cewa ta riga shi. Sai an sami duka biyun sannan a ce ginin ya faɗo tsakaninsu. Wanda aka tsinta a tsagin duwatsu kuwa ba shi da amfani, domin ruwan sama, gara da ɓeraye suna kai gawayi inda bai taɓa zama ba.

Na biyu, tsufan itacen. Maƙera suna son gawayin itace mai tauri irin ƙirya, kuma zuciyar irin wannan itace tana iya girme ranar da aka sare shi da shekara ɗari ko fiye. Sakamakon zai ba ka shekarun itacen, ba na murhun ba. Shi ya sa aka fi son hatsi, ƙananan rassa ko kara, abin da ya rayu damina ɗaya ko biyu.

Na uku, kuma wannan ya shafi Sukur kai tsaye: daga wajen 1650 zuwa 1950 awon kabon yana rikicewa, saboda yawan sinadarin a iska ya yi ta hawa da sauka. Samfuri ɗaya yana iya dacewa da ƙarshen ƙarni na 17, ya kuma dace da na 19. Ke nan a daidai zamanin da aka fi son sani, awon ya fi rauni. A nan sai a nemi taimakon wasu shaidu. Taba daga Amurka ta zo, don haka shimfiɗar juji da ke da fasasshen lofe da wuya ta wuce wajen 1600 a tsufa. Yumɓun da aka gasa, kamar bututun murhu, ana iya auna lokacin da wuta ta taɓa shi na ƙarshe, amma sai an haɗa da ƙasar da ke kewaye da shi, kuma tazarar kuskuren tana da faɗi.

Gonakin hawa-hawa, waɗanda ake tare ƙasarsu da katangar dutse a jikin tsauni, su ne mafi wahala. Duk shekara damina tana ture wani sashe, manomi ya sake jerawa, wani lokaci da dutsen tsohon kango. Katanga ɗaya tana iya zama tushenta na ƙarni huɗu, samanta na bara.

Jerin sunayen sarakuna fa? Yana taimakawa, da sharaɗi. Ana ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 ga kowace zuriya, ba ga kowane sarki ba, domin ƙane yana gadon wa. Kuma ana mance wanda aka tsige, ana haɗe mutum biyu masu suna ɗaya. Saboda haka in ka ga an rubuta shekara guda cif a matsayin ranar kafa gari irin wannan, ka yi shakka. Amsa ta gaskiya tazara ce, kuma samfuri ɗaya ba hujja ba ne. A sami uku daga shimfiɗa ɗaya su yi daidai tukuna.

Na tsinci tsingaro da kashin ƙarfe a can. In tafi da su?

A'a. Ajiye inda ka gani. Darajarsa tana ga wurin da yake kwance. Da zarar ya shiga aljihunka ya zama tarkace. Haƙa kuma sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da yardar mutanen gari.

Gudun masu kama bayi ne ya hau da su dutse?

Yana ciki, amma ba shi kaɗai ba. Daular Wandala, wato Mandara, tana gindin tsaunukan ta arewa, kuma Borno ta kai yaƙi yankin a zamanin Mai Idris Alooma a ƙarni na 16. Dutse mafaka ne. Amma a daina ɗaukar mutanen Sukur kamar waɗanda suka ɓuya kawai. Suna da tama, suna da kasuwar ƙarfe da 'yan kasuwa ke hawowa, kuma manoman filayen ƙasa suna bukatar fartanya. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta ƙasar Margi a 1851 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, bai hau ba, amma ya ji labarin sarkin wurin a matsayin wanda maƙwabta ke shakka.

Yaya suke fitar da ƙarfen?

Tamarsu ba haƙa rami ake yi ba. Baƙin yashi ne mai nauyi, mai kama maganaɗisu, wanda ruwan sama ke wankowa daga duwatsu ya tara a ƙoramu. Ana kwasa da damina, a rairaye shi a ruwa har farin yashi ya tafi, a shanya. Da rani ake hura murhu.

Murhun Mandara daban yake da na sauran wurare: iska daga sama take shiga. Ana rataya dogon bututun yumɓu a tsaye cikin murhun, mai zuga yana zaune a sama da zuga-zugi biyu, iskar ta ɗau zafi kafin ta kai ƙasa. Ana zuba gawayi da tama kaɗan-kaɗan. Ƙarfen ba ya zama ruwa. Dunƙule yake yi a ƙasa, bakin bututun kuma yana narkewa yana gajarta yayin da dunƙulen ke girma. Bayan nan a farfasa, a tsince ƙarfe daga kashi, maƙeri ya haɗe shi a wuta. Jiƙaƙƙiyar tama ko zuba ta da yawa lokaci guda yana sanyaya murhu. Bututun da bai bushe sosai ba yana tsagewa, aikin ranar ya lalace. Gawayi ya yi yawa a kan tama kuma, ƙarfen ya fito mai gautsi, ya fashe a ƙarƙashin masaba.

Me ya kashe sana'ar?

Hare-haren Hamman Yaji, sarkin Fulani na Madagali, tsakanin 1912 da 1922, waɗanda shi da kansa ya sa aka rubuta a littafin ajiyarsa, har Turawan Ingila suka kama shi a 1927. Sai kuma tsohon ƙarfen mota mai araha. Zuwa wajen 1960 murhu ya mutu.

Boko Haram sun rusa komai a 2014?

Ku kwantar da hankali. Sun ƙone gidaje, sun lalata dukiya, mutane sun sha wuya ƙwarai. Amma jinka da itace wuta ta ci; katangun dutse, shimfiɗaɗɗiyar hanya da ramukan da ake turke shanu suna nan. Abin da ya fi cin gonakin hawa-hawa shi ne rashin hannu: iyali sun sauka ƙasa neman makaranta da ruwa, ba mai gyara ɓarakar da damina ta yi, ruwa ya bi ta nan ya kwashe ƙasar hawan da ke ƙasa, sannan na bayansa.