Monita Mai Lanƙwasa Don Buga Gem: Abin Da Za Ka Tambaya Kafin Ka Ciro Kuɗinka

Duk wanda ya taɓa neman monita mai lanƙwasa da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya san yadda kwali ke ruɗa mutum. Lambobi ne birjik: 1500R, 165Hz, 1ms, HDR, kowacce an buga ta da manyan baƙaƙe kamar ita ce maganin komai. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan batu. Matsayina kuwa tun daga farko shi ne, lanƙwasar ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ka duba.

Wai me lanƙwasar take ƙarawa? Ko dai kwalliya ce?

Ya danganta da girman allon. Idan ka zauna gaban shimfiɗaɗɗen allo mai faɗi, tsakiyarsa ta fi gefunansa kusa da idonka, gefunan kuma a karkace kake kallonsu. Lanƙwasa tana jawo su ne su fuskance ka. A allo mai inci 34, irin wanda ya miƙe hagu da dama, amfanin a fili yake: taswirar da ke can kusurwa da ma'aunin lafiyar ɗan wasanka duk suna cikin ganinka ba sai ka juya wuya ba. A inci 32 ma ana jin bambanci. A inci 27 kaɗan ne. A inci 24 kuwa, kwalliya ce zalla, bayan kwana uku ma za ka manta a lanƙwashe yake.

Mene ne ma'anar 1000R, 1500R da 1800R?

Ka ɗauka an jera irin wannan monita gefe da gefe har sun zagayo sun haɗe da'ira. Lambar tana gaya maka nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta, a ma'aunin milimita. Wato 1000R da'ira ce mai mita ɗaya daga tsakiya zuwa baki, 1500R mita ɗaya da rabi, 1800R kuma mita 1.8. Saboda haka ƙaramar lamba ita ce lanƙwasa mai tsanani. Mutane da yawa suna ɗaukar abin a baibai, su zaci 1800R ya fi 1000R lanƙwashewa.

Samsung ne ya yayata 1000R da monitocinsa na Odyssey a 2020, daga nan wasu kamfanoni suka bi sahu. A cikin masu araha dai 1500R ya fi yawa, kuma shi nake ba mutum shawara idan bai taɓa amfani da mai lanƙwasa ba. Shi 1000R yana da daɗi a wasan tseren mota ko tuƙin jirgi, amma sai ka zauna daidai tsakiya, kusa da shi. Da ka jingina baya ko ka gusa gefe, sai hoton ya zama kamar kana leƙen cikin kwano.

Na ga kusan duk masu arahar an rubuta musu VA. Matsala ce?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ya kamata ka ɓata lokacinka. VA da IPS nau'o'i ne na gilashin da ke fitar da hoto. Mafi yawan monitoci masu lanƙwasa da talaka zai iya saya VA ne, don haka kusan zaɓin lanƙwasa zaɓin VA ne, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Alherin VA shi ne baƙinsa. Tazarar da ke tsakanin farinsa da baƙinsa takan kai wajen 3000:1, alhali IPS yana tsayawa kusa da 1000:1. Ka kashe fitilar ɗaki ka buɗe wasan da ake yi cikin kogo ko tsakar dare, a VA duhun duhu ne na gaske, a IPS kuma sai ka ga toka-toka da wani ɗan haske yana tasowa daga kusurwoyi. Wanda ke son wasan labari da kallon fim da dare zai ji daɗin VA ƙwarai.

Aibinsa kuma a wannan baƙin yake. Ɗigon hoto, wato fiksel, a VA yana da nawa wajen tashi daga baƙi zuwa launi mai ɗan duhu. Na taɓa gwada wani mai araha da wasan da ake ratsa wani dogon lungu mai duhu, akwai ƙarafunan taga baƙaƙe a jikin bango. Ina tsaye komai tsaf. Ina juya kamara sai ƙarafunan suka ja wutsiya, kamar an shafa yatsa a kan tawadar da ba ta bushe ba, fitilun da ke nesa kuma suka dushe har sai da na tsaya suka dawo. Ko a shafin intanet mai baƙin bango da farin rubutu, idan kana gangarawa ƙasa za ka ga rubutun yana disashewa. Wani bai damu da wannan ba sam, wani kuma kwana ɗaya ba zai iya zama da shi ba. Kuma ba duk VA ne suka zama ɗaya ba, akwai masu dama-dama, akwai waɗanda abin ya yi muni, alhali abin da aka rubuta a kwalinsu iri ɗaya ne. Shi ya sa nake cewa ka nemi bidiyon masu gwaji na ainihin lambar samfurin da kake so, ka kalli wurin da suka nuna motsi cikin duhu. Idan wasanninka na harbi ne da ake gasa, irin su Counter-Strike ko Valorant, shimfiɗaɗɗen IPS mai sauri a kuɗi ɗaya zai fi yi maka amfani. Na san ba abin da mai neman lanƙwasa ke son ji ba ke nan.

Amma ai an rubuta 1ms a kwalin?

An rubuta, wai don a nuna saurin fiksel: milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sai dai ka duba haruffan da ke biye da shi. Idan MPRT ne, ana samun wannan lamba ta hanyar sa fitilar bayan allon ta riƙa ƙiftawa da sauri tsakanin hoto da hoto. Hakan yana rage dishi-dishin motsi, amma haske yana raguwa sosai, wasu yana sa musu ciwon kai, kuma a yawancin masu araha ba ya aiki tare da FreeSync, fasahar da ke hana hoto tsagewa. Idan GtG ne, to sun auna sauyin launi mafi sauri ne a saitin da ya fi tsanani, saitin da idan ka kunna shi za ka ga wata farar inuwa tana bin duk abin da ke motsi. A menu za ka tarar da wannan saiti da sunan Overdrive ko Response Time, mai mataki uku ko huɗu. Na tsakiya yakan fi dacewa. Lambar 1ms dai kada ta shiga lissafinka.

Inci nawa zan ɗauka, kuma 1080p ko 1440p?

Waɗannan biyun tare ake auna su, domin adadin fiksel ɗin bai ƙaruwa don allo ya girma, baje su kawai ake yi. Allon 1920x1080 a inci 24 yana ba da fiksel kusan 92 a kowane inci, ya yi daidai. A inci 27 ya sauko wajen 82, rubutu ya fara kaushi. A inci 32 ya koma wajen 70, kana zaune a tebur kana iya ƙirga ɗigogin da ido. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon da ya fi kama mutane, domin babba ne, a lanƙwashe yake, ga araha, a hoto kuma yana da ban sha'awa. Arahar nan ba ta ado.

Shi kuwa 2560x1440 a inci 27 yana ba da kusan 109, a inci 32 kuma wajen 92, wato kaifi ɗaya da ƙaramin 1080p mai inci 24 amma da fili mai yawa. Mai faɗin nan na inci 34, 3440x1440, yana kusa da 110. A ganina, ga mai son lanƙwasa da gaske, inci 32 mai 1440p ko inci 34 mai faɗi su ne inda kuɗin ke da ma'ana.

Amma ka tambayi katin hotonka tukuna, wato ɓangaren kwamfutar da ke zana hoton wasa. 1080p fiksel miliyan 2 da 'yan kai ne, 1440p kusan miliyan 3.7, mai faɗin kuma ya doshi miliyan 5. Kowane ɗaya katin ne zai zana shi, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Idan tsohon kati ne da ke nishi a 1080p, ɗora masa 1440p zai sa wasan ya riƙa tafiyar hawainiya, sai ka koma rage inganci, ka rasa abin da ka saya dominsa.

144Hz, 165Hz, 180Hz, 240Hz: wanne ya isa?

Lambar tana nufin sau nawa allon ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. A 60Hz kowane hoto yana zama milisakan 16.7, a 144Hz ya sauko 6.9, a 240Hz kuma 4.2. Dubi inda babban tsallen yake: daga 60 zuwa 144 ka rage kusan milisakan 10, daga 144 zuwa 240 ko uku ba ka rage ba. Tsakanin 144 da 165 kuwa bai kai milisakan ɗaya ba, kada ka ƙara ko sisi saboda shi. Sannan VA mai nawa da aka rubuta wa 240Hz, fiksel ɗinsa ba sa gama sauya launi kafin hoto na gaba ya iso, ka ga an yi ba a yi ba.

FreeSync na AMD ne, ni kuma katina Nvidia ne. Zai yi?

Galibi zai yi. Aikin wannan fasaha shi ne ta sa monita ta bi saurin da katin ke turo hotuna, don kada hoton ya tsage gida biyu idan saurin ya hau ko ya sauka. Da can Nvidia nasa tsarin kawai yake yarda da shi, G-Sync, wanda ke sa monita tsada. Daga Janairun 2019 ya buɗe ƙofa, katunan GTX 10 zuwa sama suna aiki da monitocin FreeSync ta wayar DisplayPort. Sai ka shiga manhajar Nvidia ka kunna da hannunka. Abu ɗaya da za ka sa wa ido: wasu VA suna ƙyafta haske idan saurin wasan yana hawa da sauka da ƙarfi, musamman a shafin jiran buɗewar wasa. Ƙayyade saurin wasan a lambar da katinka zai iya riƙewa yakan rage shi.

HDR fa?

HDR fasaha ce ta ƙara tazara tsakanin haske da duhu a hoto, amma a wannan farashi, manta da shi. Tambarin DisplayHDR 400 ko "HDR Ready" yana nufin monitar tana karɓar saƙon ne kawai, ba ta da fitilun da ke dushe wani yanki su haska wani. Sau da yawa kunna shi ma yana sa launuka su koɗe.

PlayStation 5 ko Xbox nake da shi, ba kwamfuta ba. Akwai bambanci?

Akwai, babba ma. Waɗannan na'urori ba sa wuce 120Hz, kuma ta HDMI kawai suke haɗuwa, don haka abin da DisplayPort ɗin monitar ke iyawa bai shafe ka ba. Ka tabbatar ramin HDMI ɗinta yana karɓar 120Hz a girman hoton da kake so. PlayStation 5 ya samu damar fitar da 1440p a sabuntawar Satumban 2022. Xbox Series yana aiki da FreeSync, shi kuwa PlayStation 5 yana buƙatar nau'in wannan fasaha na HDMI, wato VRR, wanda monitoci masu araha da yawa ba su da shi. Mai faɗin inci 34 kuma kada ka saya domin su: ba sa cika shi, baƙin fili za ka gani hagu da dama, ko hoton ya miƙe mutane su zama gajeru masu ƙiba.

Zan iya yin aiki da ita ban da wasa?

Rubutu, karatu, buɗe taga biyu gefe da gefe, duk lafiya lau. Mai zanen gini ko duk aikin da ke son miƙaƙƙen layi zai sha wahala da farko, domin layin kwance yakan yi kamar ya ɗan gantsare. Kuma allo ne na mutum ɗaya, wanda ya zauna a gefenka ba zai ga abin da kake gani ba.

A ina kamfanoni suke rage kuɗin da ba a lura?

A ƙafa. Yawancin masu araha sunkuyawa da ɗagowa kawai suke yi, ba sa hawa ba sa sauka, ka ƙare da tara littattafai a ƙarƙashi. Ka duba bayanta ko akwai ramukan kusoshi huɗu na VESA, 75x75 ko 100x100, don ka iya sa mata hannun ƙarfe daga baya. Ka auna zurfin teburinka ma, domin lanƙwasa da ƙafar mai yatsu suna cin wuri fiye da yadda hoto ke nunawa. Lasifikar ciki, idan akwai, ta jin ƙarar saƙo ce kawai. Wani lokaci kuma wayar HDMI kaɗai ake sakowa a kwali, alhali cikakken saurin monitar sai ta DisplayPort.

Ta iso gida. Me zan fara dubawa?

Kada ka yar da kwalin, kuma ka san kwana nawa aka ba ka na mayarwa. Wajen fito da ita ka riƙe ta daga ƙasa da baya, kada ka danna fuskar ko ka kifa ta a kan tebur, mai lanƙwasa ba ta jure haka. Sai ka cika allon da launi ɗaya bayan ɗaya, fari, baƙi, ja, kore, shuɗi, kana neman ɗigon da ya mutu ko ya maƙale. Ka kashe fitila ka bar baƙin, ka ga ko haske yana yoyo daga gefuna. Ka buɗe shafin TestUFO ka ga irin wutsiyar da abu mai motsi ke ja, kana sauya matakan Overdrive har ka samu wanda ya fi tsafta.

Daga nan ka shiga saitin nuni na Windows, sashen Advanced display, ka duba lambar da ke wurin. Sau da yawa a 60Hz take zama har sai ka canja ta da kanka. Wani abokina ya yi wata huɗu yana yaba santsin sabuwar monitarsa mai 165Hz, ranar da na leƙa saitin na tarar tana kan 60.