Waiwaye: yaro mai rawar kai da tambarin daƙiƙanci

Kusan kowane aji a Damagaram, daga Birni har Garin Malam, yana da yaron da ba ya minti biyar a kan benci. Ya tauna alli, ya ja rigar na gabansa, mushe, wato malami, na bayani shi kuwa idonsa na bakin taga. A gida a ce ƙiriniya, a lakwal a ce daƙiƙi ne. Wannan suna na biyu shi ya fi ci mini rai.

Likitoci sun daɗe da sanin irinsa. A 1902 George Still, likitan yara a Landan, ya yi bayanin yaran da ba sa iya tsayar da hankali wuri ɗaya, ya kuma lura cewa da yawansu kansu na ja kamar na kowa. Sai dai ya danganta abin da raunin ɗa'a, zargin da har yau bai sake su ba. A 1937 Charles Bradley a Amurka ya ba irin waɗannan yara maganin Benzedrine, sai ga su sun natsu, karatu ya shiga. Ashe ƙwaƙwalwar tana nan, natsuwa ce babu. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka raɗa wa larurar sunan ƙarancin mai da hankali, wadda masu Faransanci ke kira TDAH. Tana shafar wajen yara 5 cikin 100 a duniya.

Gado ne ya fi ƙarfi a cikinta, amma bincike ya nuna ƴaƴan talakawa sun kusa ninka na masu hali samunta. Haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyin jariri da gubar dalma duk suna ƙara haɗarin, kuma a gidan babu suka fi sauka. A gwajin basira makin masu larurar kan gaza na sauran yara da kimanin 9 a matsakaici, to amma gwajin kansa zama yake so da haƙuri, abin da yaron ya rasa ke nan.

A nan Zandar, wato Damagaram, lamarin ya fi cakuɗewa. Jariran da tamowa ta taɓa a yunwar 2005 yanzu samari ne. Ƙannensu na cunkushe a ajin zana, ana koya musu da Faransancin da ba sa ji a gida, wasu ko koko ba su sha ba. Mai larura, mai jin yunwa da wanda bai gane yaren ba, duk kamarsu ɗaya a idon mushe, kuma bulala ɗaya ake yi musu.