Ƙara sabon mai kula da yanki a tsohuwar hanyar sadarwa

Mai kula da yanki (domain controller da Turanci) kwamfuta ce, uwar garke, wadda ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu a hanyar sadarwar ofis, ita ke tantance wanda zai shiga. Yanki shi ne rukunin kwamfutoci da asusun da take kula da su. Ƙara sabuwa kusa da tsohuwa shi ne yadda aka fi sauya na'ura ba tare da an sake rubuta asusun kowa ba. 

Tarihi

A manhajar Windows, tsarin ya faro da Windows NT na kamfanin Microsoft a 1993. A lokacin kwamfuta ɗaya ce babba, ita kaɗai ake yi wa rubutu, sauran kwafi suke ɗauka. In babbar ta mutu, sai an ɗaga ɗaya daga ƙananan da hannu.

Windows 2000 ya kawo Active Directory, inda kowace mai kula da yanki ke karɓar canji ta aika wa ƴan'uwanta. Duk da haka an bar ayyuka 5 da ɗaya tak ke riƙewa a lokaci guda, ana ce musu FSMO. Har zuwa Windows Server 2008 R2, mai aiki kan gudanar da umarnin adprep da kansa don faɗaɗa tsarin bayanai, sannan dcpromo, wanda ke mayar da uwar garke mai kula da yanki. Daga Windows Server 2012 aka haɗa matakan wuri ɗaya. Faɗaɗawar ba ta komawa baya, shi ya sa ake ajiye kwafin tsohuwa tukuna.

Sharuɗɗa

Tsufa yana da iyaka. Windows Server 2019 da 2022 na buƙatar matakin aikin yankin, wato zubin Windows da aka saita yankin a kai, ya zama na 2008 ko sama, na 2025 kuwa sai na 2016. Wanda ke kan Windows Server 2003, wanda Microsoft ta daina tallafa wa a Yulin 2015, sai ya bi ta wani na tsakiya.

Babban abin tuntuɓe shi ne jakar SYSVOL, wadda ke ɗauke da fayilolin ƙa'idojin yanki, kowace mai kula kuma na da kwafinta. Tsofaffin yankuna da tsohuwar hanyar kwafi mai suna FRS suke kwafe ta, 2019 kuma ba ya karɓar wannan, sai an koma sabuwar hanyar, DFSR, da umarnin dfsrmig. Yankin da aka kafa tun zamanin 2003 kan ci gaba da FRS shiru, ko da an sauya na'urori sau biyu.

Sabuwar kuma dole ta nemi DNS, tsarin da ke gano na'ura da sunanta, a wurin tsohuwar kafin a ɗaga ta ta zama mai kula da yanki.

Agogo da wuta

Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, kan hana shiga in agogon na'urori biyu ya saɓa da fiye da minti 5. Wannan ya shafi Maradi, da ke samun lantarki daga Najeriya ta layin Katsina, wanda aka taɓa yankewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Tsohuwar uwar garke da ƙaramin batirinta ya mutu kan tashi bayan ɗaukewar wuta da kwanan wata na shekarun baya. Ma'aikaci ya buga kalmar sirrinsa daidai, ta ƙi, a ɗora wa sabuwar laifi, alhali batiri ne mai kamar kwabo.

Wadda ta daɗe a kashe fiye da kwana 60 ko 180, gwargwadon lokacin kafa yankin, ba a maido ta cikin sahu.

Saɓani

Wasu na sabunta tsohuwar a inda take. Galibi an fi son girka sabuwa, a mayar da ayyukan 5 kanta, a duba lafiyarta da umarnin dcdiag da repadmin, sannan a sauke tsohuwar.