Majalisar Dokokin Jihar Bauchi: yadda ake muhawara da kaɗa ƙuri'a

Majalisar Dokokin Jihar Bauchi ita ce ke da hurumin yi wa jihar dokoki, da amincewa da kasafin kuɗinta, da sa ido kan ayyukan gwamna da kwamishinoninsa. Zaure ɗaya gare ta, mazauninta a birnin Bauchi. Tana da kujeru 31, kowace kujera da mazaɓarta, a cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar, kuma wa'adin kowace majalisa shekara huɗu ne daga ranar zamanta na farko. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ne ya kafa ta, shi ne kuma ya shata mata iyakar ikonta.

Asali

Al'adar zama a yi muhawara kan sha'anin mulki ta girmi jihar kanta. Wajen 1943 zuwa 1944 an yi wani dandali a garin Bauchi da ake kira Majalisar Taɗi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, ke haɗuwa su tattauna al'amuran mulki, wani lokaci har a gaban jami'an Turawa. Cikin masu halarta akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda ke koyarwa a Midil ta Bauchi a lokacin, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dandalin bai daɗe ba, domin tambayoyin da ake yi a cikinsa sun fara yi wa masu mulki zafi, amma ya horar da mutanen da suka riƙe siyasar Arewa daga baya.

Tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 ne ya kawo Majalisar Wakilai ta Arewa da Majalisar Sarakuna a Kaduna. Da farko shawara kawai suke bayarwa. Tsarin Macpherson na 1951 ya ba su ikon yin doka, na 1954 kuma ya ƙara faɗaɗa shi. A zauren Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ne, a watan Agusta na 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe ya gabatar da ƙudurin da har yau ake ambato: ya nemi a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin En'e, yana sukar yadda iko ya taru a hannun sarki shi kaɗai, talaka ba shi da ta cewa. Magana ce mai nauyi a wancan zamani, ga shi kuma da yawa daga masu saurarensa ma'aikatan sarakunan ne. An yi muhawara, aka ƙirga ƙuri'a, kuma kamar yadda aka ruwaito ƙudurin ya tsallake da ratar ƙuri'a ɗaya tak. Binciken da ya biyo baya ya share fage ga gyare-gyaren da suka sa sarki ya riƙa aiki tare da majalisarsa, har aka kai ga dokar En'e ta 1954. Da wuya a sami wata ƙuri'a da ɗan Bauchi ya jawo wadda ta sauya mulkin Arewa kamar wannan.

Juyin mulkin Janairu 1966 ya rufe majalisun yankuna. A 1967 lardin Bauchi ya shiga Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, sannan a ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiri Jihar Bauchi. Sabuwar jihar ba ta sami zaɓaɓɓiyar majalisa ba sai a Oktoba 1979, zamanin Gwamna Abubakar Tatari Ali na jam'iyyar NPN. Sojoji suka rushe ta a ƙarshen Disamba 1983. An sake zaɓar wata da ta fara aiki a farkon 1992 lokacin Gwamna Dahiru Muhammad Deba, ita ma Janar Sani Abacha ya rushe ta a Nuwamba 1993. Duk a wancan lokaci wakilan Gombe da Kaltungo da Billiri da Dukku a Bauchi suke zama, sai da aka cire Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba 1996. Gombe yanzu tana da tata majalisar mai kujeru 24. Tun daga 1999 majalisar Bauchi ba ta sake yankewa ba.

Mambobi da shugabanni

Tsarin mulki ya ce kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun jihar a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kada su gaza 24, kada su wuce 40. Bauchi na da kujeru 12 a tarayya, don haka 31 bai kai ninki uku ba. Gyara iyakokin mazaɓu aikin hukumar zaɓe ta ƙasa ne.

Mai neman kujera sai ya kasance ɗan Nijeriya, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. A dā shekara 30 ake nema, gyaran 2018 ya rage zuwa 25.

'Yan majalisa ne ke zaɓar kakaki da mataimakinsa daga cikinsu, kuma ba a cire su sai da ƙuri'ar kashi biyu bisa uku. Akwai shugaban masu rinjaye, wanda ta hannunsa yawancin ƙudirorin gwamnati ke shigowa, da shugaban marasa rinjaye, da masu tsawatarwa na kowane ɓangare. Akawun majalisa ma'aikacin gwamnati ne, ba zaɓaɓɓe ba, shi ke riƙe takardu da rubuta abin da aka yanke.

Yadda zama ke gudana

Dole majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Idan lokacin zama ya yi, mai ɗaukar sandar majalisa ke shigowa gaba, kakaki na biye, kowa ya miƙe tsaye. A ɗora sandar a kan teburin da ke gaban kujerar kakaki, a yi addu'a, a duba rubutaccen bayanin zaman da ya gabata a amince da shi, sannan a bi takardar jerin ayyukan ranar. Sandar nan ita ce alamar ikon majalisa. A al'ada ba a ɗaukar zama a matsayin halastacce idan babu ita, shi ya sa duk lokacin da rikici ya ɓarke a wata majalisa a Nijeriya, sandar ake fara kai wa hannu.

Ba a yanke komai sai kashi ɗaya bisa uku na mambobi na nan, wato mutum 11 a Bauchi. Idan wani ya ja hankalin kakaki cewa adadin bai cika ba, aka jira bai cika ba, sai a ɗage zama.

Ɗan majalisa ba ya magana sai kakaki ya ba shi dama. Zai miƙe ya faɗi sunansa da mazaɓarsa, ya fuskanci kakaki da maganarsa ko da abokin aikinsa yake mayar wa martani. Ƙuduri ba ya shiga muhawara sai wani ya mara masa baya. Yawancin abin da mutanen karkara ke ji a rediyo daga majalisa irin waɗannan ƙudurori ne na gaggawa: gada ta karye, ambaliya ta cinye gonaki, asibitin gari ba likita, ana kira ga gwamnati ta kai ɗauki. Ya kamata a san cewa irin wannan matsaya kira ce kawai, ba ta da ƙarfin doka, kuma ba ta tilasta wa gwamna.

Harshen aiki Turanci ne, amma sashe na 97 ya yarda majalisa ta ƙara da wani harshe da ake yi a jihar idan ta zartar da hakan. A majalisar Kaduna ta dā, Hausa da Turanci aka yi aiki da su kafaɗa da kafaɗa.

Daga ƙudiri zuwa doka

Ƙudirin doka kan fito daga gwamna ko daga wani ɗan majalisa. Karatu na farko ambaton sunan ƙudirin ne kawai, babu muhawara. A karatu na biyu ake tafka muhawara kan manufarsa: me ya sa ake buƙatarsa, wa zai amfana, nawa zai ci. Idan ya tsallake sai a miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa, kamar na ilimi ko lafiya ko noma. A nan ne ainihin aikin yake, ana bin sassan ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ake iya kiran zaman jin ra'ayin jama'a, inda sarakuna da malamai da ƙungiyoyi da ma'aikatu ke kawo nasu bayanin. Kwamiti ya dawo da rahoto, majalisa gaba ɗayanta ta zauna a matsayin kwamiti ta bi gyare-gyaren, sannan a yi karatu na uku a zartar. Akawu ya aika wa gwamna tsaftataccen kwafi.

Gwamna na da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisa na iya sake zartar da ƙudirin da rinjayen kashi biyu bisa uku, ya zama doka ba da sa hannunsa ba.

Ikon majalisar jiha bai shafi tsaro da kuɗin ƙasa da harkokin waje ba, waɗannan na tarayya ne. Tana da hannu a ilimi da lafiya da noma da ƙananan hukumomi da masarautu, kuma gyaran 2023 ya buɗe wa jihohi ƙofar yin doka kan wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Inda dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce a sama. Ta wannan zaure dokokin shari'ar Musulunci suka bi a 2001 zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Dokar kare yara kuwa ta daɗe tana jiran amincewa saboda saɓani kan wasu sassanta, ba a kammala ta ba sai wajen ƙarshen 2023, shekara ashirin bayan ta tarayya.

Ƙuri'a

Mafi yawan al'amura rinjaye kawai suke buƙata daga waɗanda ke zaune suka kaɗa ƙuri'a. Kakaki ba ya ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Hanyar da aka saba ita ce ƙuri'ar murya: kakaki ya ce masu goyon baya su amsa, su amsa, ya ce masu adawa su amsa, sannan ya faɗi ɓangaren da ya ji ya fi ƙarfi ya buga guduma. Wanda bai gamsu ba yana iya neman a ƙirga mutum-mutum.

Ƙuri'ar murya tana da sauri, amma tana da babban aibi: ba ta barin shaida. Manomi a Gamawa ko ɗan kasuwa a Azare ba shi da inda zai duba ya ga ko wakilinsa ya goyi bayan karɓo bashi ko ya ƙi. Ga kuma al'adar daidaita magana a ganawar sirri ko taron 'yan jam'iyya kafin a shigo zaure, wadda ke sa muhawarar fili ta zama gajeriya. Wannan na cikin dalilan da ke sa ake yi wa majalisun jihohi kallon 'yan amshin shatan gwamna, zargin da 'yan majalisa ke musantawa suna cewa fahimtar juna ce.

Kasafin kuɗi da sa ido

Gwamna ke gabatar da kasafi, kwamitoci su kira ma'aikatu su kare abin da aka ware musu, majalisa ta zartar. Idan an makara, gwamna na iya ci gaba da kashe kuɗi har wata shida bisa ma'aunin shekarar da ta wuce. Majalisa ce ke tantance kwamishinoni da babban alƙalin jiha, tana karɓar rahoton babban mai binciken kuɗi, kuma tana da ikon kiran kowa ya zo ya ba da bahasi.

Rigingimun da suka gwada ƙa'idojin

Tsige gwamna ko mataimakinsa yana farawa da takardar zargi mai sa hannun kashi ɗaya bisa uku, sai kashi biyu bisa uku, wato 21, su yarda a bincika, babban alƙali ya naɗa mutum bakwai, sannan a sake neman kashi biyu bisa uku kan rahotonsu. A 2009 majalisa ta tsige Mataimakin Gwamna Garba Muhammad Gadi, bayan ya ƙi bin Gwamna Isa Yuguda daga ANPP zuwa PDP. Kakakin lokacin, Babayo Garba Gamawa, ya maye gurbinsa. A tsakiyar 2010 babbar kotun jiha ta soke tsigewar.

A 2012 majalisa ta dakatar da Rifkatu Samson Danna mai wakiltar Bogoro, bayan ta yi adawa da mayar da hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa zuwa Bununu. Babbar kotu ta ce dakatarwar ba ta halasta ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, bisa hujjar cewa hana wakili zama tauye haƙƙin mutanen mazaɓarsa ne. Lauyoyi na kafa hujja da wannan shari'a a sauran jihohi da ma majalisar tarayya.

A ranar 20 ga Yuni 2019, ranar buɗe majalisa ta tara, wasu mambobi kimanin 11 suka zauna da sassafe suka zaɓi Abubakar Y. Sulaiman na Ningi a matsayin kakaki. Sauran, waɗanda suka fi yawa, suka taru a harabar majalisa ƙarƙashin siffar sandar da aka gina a wurin suka zaɓi tsohon kakaki Kawuwa Shehu Damina. A lokacin APC ce ke da rinjayen kujeru, Gwamna Bala Muhammad kuwa ɗan PDP ne. Majalisar Wakilai ta Tarayya ta aiko da kwamiti, har aka yi maganar karɓe aikin majalisar, kafin a sasanta a watan Agusta, sauran mambobin suka yi rantsuwa, Sulaiman ya ci gaba da riƙe kujerar.

Kuɗin majalisa

Gyaran tsarin mulki na 2018, wanda aka ƙarfafa a Maris 2023, ya ce a riƙa biyan majalisar jiha kuɗinta kai tsaye daga asusun jiha. Aiwatar da shi ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma ma'aikatan majalisu sun sha shiga yajin aiki a kansa.